Motar gwamnati ta banke mutum: wa ke da alhakin biyan diyya?

Ɗan_Mabera:
Assalamu alaikum. Ina neman haske daga lauyoyi da malaman da ke cikin wannan zaure. A farkon watan jiya wata Hilux mai lambar gwamnati ta banke ɗan yayata a hanyar Kware yana kan babur ɗinsa na kabu-kabu, ya samu karaya a cinya, babur ɗin kuma ya tashi daga aiki. Washegari jami'ai biyu suka zo asibiti, suka biya kuɗin hoton ƙashi da maganin farko, suka miƙa wa mahaifiyarsa ambulan, suka ce a yi haƙuri ƙaddara ce, kuma tun daga ranar ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. Yaron yana da mata da 'ya'ya biyu, kuma da babur ɗin nan yake ciyar da su. Wasu dattawa sun ce mana ba a ƙarar gwamnati, wasu kuma sun ce motocinta ba su da inshora, saboda haka abin da ke cikin ambulan ɗin shi ne iyakar rabonmu. Shin akwai haƙƙin da doka ko shari'a ta ɗora wa gwamnati idan motarta ta yi ɓarna, ko kuwa duk abin da ta bayar alheri ne kawai wanda ba a isa a nemi ƙari a kansa ba?

Uwar_Marayu:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce. Abin da aka yi muku shi ne abin da aka saba yi, wato a zo jaje da ambulan da buhun shinkafa, idan rasuwa ce a zo ranar addu'ar uku, a ɗauki hoto, a tafi. A cikin matan da muke tallafa wa akwai wadda motar wata hukuma ta kashe mijinta, kuma kuɗin da aka kawo sun ƙare tun kafin ta fita takaba, ga yara ƙanana a gabanta. Ba ta taɓa sanin cewa tana da wani haƙƙi da za ta nema ba, babu kuma wanda ya gaya mata.

Barista_Arkilla:
Allah ya ba yaron lafiya. Maganar dattawan nan ta taɓa zama gaskiya, shi ya sa har yanzu take yawo a bakin mutane. Turawan mulki sun bar mana ƙa'idar Ingila wadda ta hana a nemi diyyar ɓarna daga hannun hukuma, kuma da ita ce Kotun Ƙoli ta kori ƙarar iyalan Ransome-Kuti a 1985 kan ƙona gidansu da sojoji suka yi a Legas a 1977, domin abin ya auku kafin tsarin mulkin 1979 ya fara aiki. Daga tsarin mulkin 1979 zuwa na 1999 da muke amfani da shi yanzu, sashe na 6 ya ba kotuna ikon sauraron duk wata taƙaddama tsakanin ɗan ƙasa da gwamnati ko wata hukumarta. Saboda haka ana ƙarar gwamnati, kuma idan direbanta ya yi ganganci alhali yana kan aikin da aka aike shi, alhakin ɓarnar yana kan wadda ta ɗauke shi aiki tare da shi kansa. Abin da ake nema a irin wannan ƙara ya haɗa da kuɗin magani, da kuɗin babur, da abin da yaron ya rasa na sana'a tsawon jinyarsa, da kuma raɗaɗi da naƙasar da raunin ya bari.

Sai dai abin da ya fi damuna a bayaninka shi ne cewa abin ya faru tun farkon watan jiya. Akwai Dokar Kare Jami'an Gwamnati, wadda jihohi ma suke da irinta, kuma sashe na 2 nata ya ce duk ƙarar da za a shigar kan abin da jami'i ya aikata a bakin aikinsa dole ne a shigar da ita cikin wata 3. Idan wa'adin ya wuce, kotu ba za ta ko duba raunin ba. A shari'ar Ekeogu da Aliri ta 1991, wata yarinya 'yar firamare da bulala ta lalata wa ido a makaranta ta rasa komai a Kotun Ƙoli saboda jinkiri kawai, sannan a 1998, a shari'ar Ibrahim da Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Jihar Kaduna, kotun ta ce kariyar ta shafi hukumomi su kansu, ba ɗaiɗaikun jami'ai kaɗai ba. Ƙari a kan haka, dokokin da suka kafa hukumomi da yawa sun ce sai an ba su takardar sanarwa, galibi ta wata guda, kafin a kai su kotu. Ka lissafa da kanka ka ga abin da ya rage muku.

Bagobiri_Sabon_Birni:
Barista, da girmamawa, wannan duk a takarda yake. Ina so a nuna mini ɗan kabu-kabu guda ɗaya a Sakkwato wanda ya yi shari'a da gwamnati, ya ci, kuma kuɗin suka shiga hannunsa yana da rai. A Nuwamban 2013 wata mota daga ayarin gwamnan Kogi na lokacin, Idris Wada, ta yi karo da motar da ke ɗauke da Farfesa Festus Iyayi, tsohon shugaban ASUU, a hanyar Lakwaja zuwa Abuja, ya rasu yana kan hanyar zuwa taron ƙungiyar a Kano. Ƙasa ta ɗauki zafi ne domin farfesa ne mai ƙungiya a bayansa. Talakawan da jiniya ke watsarwa a gefen titi kullum ko sunansu ba a rubutawa. Shawarata ga Ɗan_Mabera ita ce su nemi wani mai faɗa a ji ya yi musu magana a ƙara musu wani abu, domin da babu gara ba daɗi.

Tsohon_Direba:
Ni na yi tuƙi a gidan gwamnati har na yi ritaya, kuma ina roƙon a saurari ɓangarenmu. Direba ba shi ne ke sayen taya ba, ba shi ne ke amincewa da kuɗin gyaran birki ba. Mukan rubuta takardar neman gyara mu kai ofishin sufuri, ta kwanta a tire har mu manta da ita, sannan a kira ka da asuba a ce ka kai maigida Illela ko Tambuwal kafin ƙarfe tara, da tayar da zarenta ya fito kana gani. Maigida yana kujerar baya yana duban agogo yana cewa ka taka. Ranar da tsautsayi ya faɗa, shi za a sa a wata mota ya wuce taronsa, kai kuma ka kwana a bayan kanta, kuma sau da yawa abin da aka kai wa iyalan wanda aka buge a hankali ake zare shi daga albashinka.

Abin da zai amfani Ɗan_Mabera shi ne ya sani cewa kowace motar ofis tana da littafin tafiya, inda ake rubuta ranar fita, da wurin da aka nufa, da lambar mita, da sa hannun jami'in da ya ba da izini. Wannan littafi shi ke nuna ko motar tana kan aiki ne ko kuwa an ɗauke ta zuwa gona ko ɗaurin aure. Sannan a yi adalci, domin 'yan kabu-kabu ma suna da nasu, sukan faɗo titi ba tare da duba madubi ba, da yawansu ma sun cire madubin gaba ɗaya.

Barista_Arkilla:
Baba Direba ya taɓo abubuwa biyu masu nauyi a shari'a. Idan aka tabbatar cewa direba ya ɗauki motar ne don hidimar kansa ba da izini ba, lauyoyin gwamnati za su ce babu ruwan ma'aikata, a bi direban, wanda kowa ya san ba shi da abin biya. Amma a irin wannan hali direban ma ba zai iya fakewa da wa'adin wata 3 ba, tunda ba a bakin aiki yake ba. Game da laifin mai babur kuwa, ba ya kashe ƙara, sai dai alƙali ya auna kason gangancin kowa ya rage diyyar daidai da haka. Shi ya sa zanen wurin haɗari da 'yan sandan kula da zirga-zirga suke yi, da rahoton jami'an VIO, wato masu binciken motoci, kan lafiyar birki da taya, suka fi bakin shaidu goma amfani.

Almajirin_Hubbare:
Bismillahir Rahmanir Rahim. Tunda an tambayi shari'a, ga abin da muka karanta a gaban malamanmu. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta abu biyu a kisan kuskure: diyya da za a miƙa wa iyalan mamaci sai fa idan sun yafe, da kuma kaffara, wadda a zamaninmu ita ce azumin wata biyu a jere a kan wanda ya yi kisan. Diyyar namiji Musulmi a mazhabar Malikiyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinari, ko dirhami 12,000 na azurfa. Ita Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane zauren ilimi na garin nan, ta faɗi a sarari cewa mai kora dabba da mai janta da mahayinta duk suna lamunin abin da ta taka, kuma a kan wannan ne malaman zamani suka yi ƙiyasin mota. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta tabbatar cewa haɗurran mota suna ƙarƙashin hukuncin jinayoyi, kuma direba yana lamunin ɓarnar da ya jawo sai idan abin ya fi ƙarfinsa ta yadda ba zai iya kauce masa ba.

Wanda ke biyan diyyar kuskure idan ta kai sulusi ko ta haura ba mai laifin ba ne shi kaɗai, a'a, aƙilarsa ce, wato jama'ar da ke tsaya masa kamar dangin uba, kuma cikakkiyar diyya ana raba biyanta a shekara 3. Mukhtasar na Khalil ya ce ana farawa da mutanen diwani, wato waɗanda sunansu ke cikin rajistar albashi ɗaya da mai laifin, idan kuma babu aƙila sai baitulmali ya ɗauka. Duk wanda ya dubi wannan zai ga cewa ɗora wa hukuma diyyar direbanta ba baƙon abu ba ne a fiƙihunmu. Cewa ƙaddara ce gaskiya ne, amma ai kisan kuskuren da ayar ta yi magana a kansa ma da ƙaddara yake aukuwa, kuma duk da haka aka wajabta diyya.

Ɗan_Kasuwar_Kara:
Allah ya gafarta Malam, dinari 1,000 nawa ke nan a kuɗinmu na yau?

Almajirin_Hubbare:
Dinari ɗaya nauyinsa kimanin giram 4.25 ne na zinari, saboda haka cikakkiyar diyya ta kama kilo 4 da kwata. Ƙimarta a naira tana hawa da sauka da farashin zinari, shi ya sa hukumomin zakka da majalisun malamai suke fitar da sabon lissafi lokaci zuwa lokaci tare da nisabin zakka da mafi ƙarancin sadaki. Yanke ƙafa ɗaya ko hannu ɗaya rabin diyya ne. Ita kuwa karaya irin ta wannan yaro ba ta da adadi yankakke, alƙali ne ke ƙiyastawa, kuma ba a ƙiyasta rauni sai bayan ya warke an ga irin aibin da ya bari. Babur ɗin dukiya ce, ana biyan ƙimarsa, kuma wannan ba ya kan aƙila.

Barista_Arkilla:
A nan ne nake ganin mutanenmu suna faɗawa rami ba su sani ba. Malam ya ce a jira rauni ya warke kafin a ƙiyasta, kuma wannan hikima ce, domin likita ma ba ya iya faɗin girman naƙasa sai ƙashi ya haɗe. Amma karayar cinya takan ɗauki watanni, ita kuwa dokar da na ambata ba ta jiran kowa. Kotuna sun sha fassara cewa ciwon da ake ci gaba da ji bayan haɗari ba ya tsawaita wa'adin, kuma zaman sulhu ma ba ya tsayar da shi. Mafita ita ce a shigar da ƙara a kan lokaci, a ci gaba da sulhu a gefe, idan rahoton likita na ƙarshe ya fito a nemi izinin kotu a gyara adadin da ake nema.

Akawu_Mai_Ritaya:
Bari in bayyana yadda kuɗin ke fitowa daga ciki, domin na zauna a teburin da irin waɗannan fayiloli suke bi. Ambulan ɗin da aka kai asibiti galibi daga kuɗin gudanar da ofis na wata-wata aka ciro shi, ko ma karo-karo jami'ai suka yi don a kashe wutar. Kuɗi mai kauri kuwa sai an rubuta takarda daga darakta zuwa babban sakatare, daga nan zuwa kwamishina, a nemi shawarar Ma'aikatar Shari'a, a samu amincewar gwamna, sannan a jira ofishin Akanta Janar ya saki. A kowane mataki ana rubuta cewa biyan na tausayawa ne, ba amincewa da laifi ba. Fayil ɗin da ba shi da takardar koke daga iyalan wanda abin ya shafa ba ya motsi, domin babu jami'in da zai tashi haka kawai ya rubuta cewa ofishinsa ya yi ɓarna. Ku rubuta koke, ku haɗa da rasitai da hotuna da rahoton 'yan sanda, ku kai kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya ku riƙe. Wanda ya je da baki kawai zai sha jin "maigida ya fita" har ya gaji.

Dillalin_Inshora:
Game da inshora, dattawan Ɗan_Mabera sun faɗi rabin magana. Dokar inshorar motoci ta 1945 ta tilasta wa masu mota yin inshorar da ke kare wanda aka yi wa ɓarna, amma ta keɓe motar gwamnati muddin tana kan aikin gwamnati. Dalilin keɓewar shi ne ana ɗaukar gwamnati a matsayin wadda ba za ta kasa biya ba, wato ita ce inshorar kanta, ba wai an yafe mata ɓarnar ba ne. A shekarar 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar inshora wadda ta maye gurbin tsoffin dokokin, har da ta 1945 ɗin. A aikace kuma akwai ma'aikatu da hukumomin da suke yi wa motocinsu inshora, musamman sababbi, saboda haka kada a yanke hukunci kafin a duba. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa tana da rumbun bayanai a intanet mai suna NIID inda ake saka lambar mota a ga ko tana da inshora mai rai. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta ɗaga kuɗin wannan inshora na motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, iyakar abin da ake biya na ɓarnar dukiya kuma ya tashi daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Abin da ke ba ni haushi shi ne tun Fabrairun 2025 'yan sanda suke tare talaka a titi kan wannan takarda, alhali mai tilastawar ita ce ta fi kowa nawa idan biya ya faɗo kanta.

Ma'aikaciyar_Jinya:
Ina roƙon Ɗan_Mabera da kada su sa hannu su fitar da yaron daga asibiti zuwa wurin mai ɗori saboda tsadar aiki, kamar yadda muke gani kusan kowane mako. Ban raina masu ɗori ba, amma karayar cinya ga babban mutum takan buƙaci a sa ƙarfe, kuma da yawa sukan dawo mana ƙafa ta gajarce ko ta ruɓe. Bayan haka mai ɗori ba ya ba da rasit ko rahoton likita, kuma takardar da aka sa wa hannu cewa an fita ba da yardar likita ba za ta iya zama makami a hannun ɗaya ɓangaren. Akwai asibitin ƙashi a Wamakko, akwai kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Jama'a su kuma sani cewa sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ƙin karɓar mai neman taimakon gaggawa bisa kowane dalili.

Bagobiri_Sabon_Birni:
Malama, mutane ba don jahilci suke zuwa wurin mai ɗori ba, kuɗin ƙarfen ne babu. Da wadda ta karya ƙafar ta biya kuɗin aikin tun ranar farko, da babu mai tunanin ɗori.

Ɗan_Mabera:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Yaron yana asibiti har yanzu, an sa masa ƙarfe da kuɗin da dangi suka haɗa. Muna da hoton lambar motar, wadda rubutunta kore ne, domin wani mai shayi a wurin ya ɗauka da wayarsa. Sabon abin da ya taso shi ne jiya an aiko ta hannun mai unguwa da wata takarda da Turanci, an ce idan mahaifinsa ya sa hannu za a kawo ƙarin kuɗi da sabon babur. Kakan yaron kuma ya rantse cewa zuriyarsa ba ta cin kuɗin jini, kuma ba zai yarda a ce jikansa ya kai hukuma ƙara ba. Gidan ya rabu biyu a kan wannan magana.

Barista_Arkilla:
Kada kowa ya sa hannu sai lauya ya karanta takardar. Irin waɗannan takardu sukan ƙunshi jimlar da ke cewa an karɓi kuɗin a matsayin biya na ƙarshe kuma an yafe duk wata ƙara nan gaba. Idan adadin ya wadatar, sulhu ya fi shari'a sauƙi da sauri, ni ma shi nake fara ba wa mutane shawara, amma a san abin da ake sayarwa kafin a karɓi kuɗinsa. Yaron baligi ne mai hankali, sa hannun mahaifinsa ba ya ɗaure shi sai da wakilcinsa. Idan babu kuɗin lauya, Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa tana da ofishi a jiha, kuma dokarta ta 2011 ta sa ƙararrakin neman diyyar haɗari cikin abubuwan da take taimaka wa marasa ƙarfi a kai.

Almajirin_Hubbare:
A gaya wa Baba cikin ladabi cewa yafiya alheri ce babba, amma mai haƙƙi ne ke yafewa. A rauni haƙƙin na wanda aka raunata ne, ba na kakansa ba. A kisa kuwa diyya gado ce, ana raba ta kamar sauran dukiyar mamaci, matarsa tana da tumuninta idan akwai 'ya'ya, kuma babba yana iya yafe kasonsa amma ba ya da ikon yafe kason maraya. Abin da Allah ya halatta a cikin Littafinsa bai kamata a mayar da shi abin kunya ba.

Uwar_Marayu:
Allah ya saka wa Malam da alheri, wannan ita ce maganar da na daɗe ina son a faɗa a kan mumbari. Mazan dangi ne suke zama a zaure su ce sun yafe don a yaba musu, matar da za ta ciyar da yaran tana cikin ɗaki ba a ko tambaye ta ba. Bayan sadakar arba'in kuma duk waɗanda suka yafe ɗin ba a sake ganinsu.

Malamin_Lissafi:
Ina da ja a kan wani ɓangare. Kuɗin da ake kira na gwamnati kuɗin jama'a ne, na makarantu da asibitocin ƙananan hukumomi 23 na jihar nan. Idan duk direban da ya yi gudun ganganci baitulmali ne zai biya masa kilo huɗu na zinari, to an hukunta wanda bai ji ba bai gani ba, shi kuma mai gangancin bai ji a jikinsa ba. A ganina jami'in da ya ce a taka, da wanda ya danne takardar gyaran birki da Baba Direba ya ambata, su ya kamata a cire wa daga albashi da garatuti.

Akawu_Mai_Ritaya:
Malam, hanyoyin biyu ba sa karo da juna. Ƙa'idojin kuɗi na aikin gwamnati sun tanadi a ci tarar jami'in da sakacinsa ya jawo asara, saboda haka gwamnati tana iya biyan wanda aka cuta yau, gobe ta bi jami'inta. Abin da bai dace ba shi ne a ce mai karaya ya jira sai an gama binciken cikin gida, wanda ni ban taɓa ganin an gama shi a kan babban jami'i ba.

Almajirin_Hubbare:
Malamin_Lissafi ya duba ƙissar Banu Jazima. Lokacin da Khalid bin Walid, Allah ya yarda da shi, ya kashe wasu daga cikinsu bisa kuskuren fahimta, malaman sira sun kawo cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Sayyidina Ali da dukiya ya biya diyyar rayuka da ta kayayyaki, har da kwanon da kare ke sha a ciki. Wanda shugaba ya aika aiki, kuskurensa yana komawa ga wanda ya aike shi.

Manomin_Bodinga:
Ni dai ina da shaidar cewa wani lokaci ana biya ba tare da kotu ba. Tankar ruwa ta wata hukuma ta taka wa mahaifina shanun huɗa biyu tare da amalankensu ana dab da faɗuwar damina. Hakimi ya rubuta, uban ƙasa ya sa hannu, muka kai koke ofishin Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, su kuma suka gayyaci hukumar aka zauna. An biya kuɗin shanun, ko da yake da farashin ranar da aka taka su aka biya, ba na ranar da kuɗin suka fito ba, kuma kafin nan damina ta wuce mun yi huɗa da shanun haya.

Barista_Arkilla:
Wannan hanya ce mai kyau kuma kyauta ce. An kafa hukumar tun 1975, tana karɓar koke cikin wata 12 da faruwar abu, amma ba ta taɓa maganar da ke gaban kotu, abin da take bayarwa shawara ce ba hukunci ba, kuma kai mata koke ba ya tsayar da wa'adin wata 3. Dole mutum ya zaɓa da idonsa a buɗe.

Ban manta da ƙalubalen Bagobiri ba, kuma a nan yana da gaskiya fiye da yadda nake so. Cin shari'a daban, karɓar kuɗi daban. Sashe na 84 na dokar da ta tsara zartar da hukuncin kotu ya ce kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati a matsayinsa na jami'i, sai an samu amincewar Antoni Janar, wato babban lauyan ɓangaren da ka kayar. Kamar a ce wa mai bin bashi ne ya nemi izinin wanda yake bi kafin a buɗe rumbunsa. Kotun Ƙoli ta sassauta wannan sharaɗi a wasu yanayi a shari'ar Babban Bankin Najeriya da kamfanin Interstella a 2017, amma sashen yana nan daram, kuma lauyoyin gwamnati suna jingina da shi. Duk da haka, takardar sammaci tana sa fayil ya yi tafiyar da roƙo ba ya sa shi yi, kuma irin waɗannan ƙararraki da dama da sulhu suke ƙarewa. Ko da motar ayarin gwamna ce, kariya daga ƙara da sashe na 308 na tsarin mulki ya tanada ta tsaya a kan gwamnan shi kansa, ba ta rufe direba ko gwamnatin jiha ba.

Bagobiri_Sabon_Birni:
To Barista, duk wannan bayani ya ginu ne a kan cewa an ga lambar mota. Su Ɗan_Mabera sun yi sa'ar mai shayi. Mu a hanyarmu ta gabas motocin da suka fi gudu su ne masu baƙin gilashi waɗanda aka rufe lambarsu da fata ko aka cire ta ɗungurungum, kuma idan suka buge mutum ba sa tsayawa, sai a ce saboda matsalar tsaro ne. Wa za a rubuta a takardar ƙarar?

Tsohon_Direba:
Ko an rufe lamba, mota ba ta ɓacewa a cikin gari. Hilux ɗin da ta bugi babur dole fitila ko bamba ta fashe, kuma kafin kwana biyu za ta je wurin mai gyaran jiki da fenti, su kuwa masu wannan sana'a a Sakkwato sun san motar kowane ofishi da direbanta. Masu gadin ƙofa ma suna rubuta shiga da fitar kowace mota da lokacinta. Matsalar ita ce wanda ya sani ɗin ma'aikaci ne ko mai neman kwangilar gyara a ofishin, kuma ba zai tsaya gaban alƙali ya faɗa ba sai dai kotu ce ta aiko masa da sammaci.